Jar Motar Kwatano

A gadar Malanbil, bakin iyakar ƙasarmu, na fara gane cewa ƙasar waje ba kamar yadda take a littafi take ba. A littattafan soyayyar da nake saye ranar kasuwar Gazawa, saurayi yakan bar gida a ƙarshen shafi, a farkon shafi na gaba sai ga shi a birni cikin farar shadda, wata kyakkyawa ta tsayar da mota tana tambayarsa hanya. Ni kuwa ga ni tsaye cikin rana, wani jandarma ya zazzage jakata a ƙasa, ya ɗaga littattafaina yana nuna wa abokinsa hoton budurwar da ke bango, suna dariya.

"Ka gani ko, Malam Soyayya?" in ji Kawu Sahabi. "Na ce maka ka bar tarkacen nan gida. Tambaye shi mi yake so mu wuce."

Aikina ke nan a tafiyar, tambaya da fassara. Kawu Sahabi ƙanin mahaifiyata ne, makanike a tashar Gazawa, ko gaisuwa bai iya da Faransanci ba. Ni na yi lakol, makarantar boko, har aji shida. Shekarar ce da jam'iyyu suka fito, kowace bishiya an ɗaura mata ƙyalle, kowa na cewa masu mota za su sha kasuwa wajen kai mutane taron siyasa. Sai danginmu na Gangara suka haɗa kuɗin gyaɗa, aka sayar da bijimai, aka damƙa wa Kawu ya je Kwatano ya sayo tsohuwar fijo ta haya. Ni abu ɗaya Inna ta ɗora mini, in dawo kafin ruwan shuka. Tun rasuwar mahaifina ba ta da namijin da zai sare mata gona in ba ni ba.

A Faraku muka shiga jirgin ƙasa. Daga nan ƙasa ta fara rufe mini ido. A wajenmu in ka tsaya bakin gari kana hango rumbunan ƙauyen gaba. A nan itatuwa sun tsaya kafaɗa da kafaɗa, sama ma sai ka ɗaga kai ka nemo ta, zufa kuma ba ta bushewa. Kawu ya ɗaure kuɗin a cikinsa da rawani. Duk wanda ya kalle shi sai ya dafe wurin, har wata mai tallar abarba ta tambaye ni ko ciwon ciki ke damun babana.

Filin tsofaffin motocin da ke bayan tashar jiragen ruwa ta Kwatano ya fi garin Gazawa faɗi. Muna cikin yawo muna gardamar farashi sai wani mutum mai tsabta, da carbi a hannu, ya ji Hausarmu ya zo ya rungume Kawu. Ya ce kakarsa 'yar Agye ce, nan kusa da garinmu, ya tambayi damina, ya saya mana ruwan sanyi. Ya kai mu wajen wata farar fijo, ya tayar da ita. Kawu ya kafa kunne a jikin inji ya lumshe ido, ya ce wannan ko daga Makka ta zo sai haka. Muka kwance rawani. Mutumin ya ba mu makulli, ya ce mu zauna ciki mu huta, zai je buro, wato ofis, ya karɓo takardu. Muna zaune har rana ta karkata, ina riƙe da sitiyari ina hango kaina ina shiga Gangara 'yan mata na leƙowa ta katanga, sai ga mai motar na gaskiya da masu gadi. Ashe ɗan Agye aron makullin ya yi da safe, wai zai nuna wa mai saye.

Da suka fitar da mu, abin da Kawu ya iya cewa kawai shi ne, "Injin kam lafiyarsa lau." Ya maimaita ta har muka isa Zango, unguwar Hausawa.

A can wata tsohuwa mai tuwo ta same mu zaune bakin masallaci, ba mu ci komai ba tun safe. Inna Tagobir ake ce mata. Daga wajen Gidan Rumji mijinta ya kawo ta tana amarya, ya rasu, ta zauna. Ta dube mu sama da ƙasa.

"Ku ɗiyan ina na?"

Na faɗa mata, na faɗa mata abin da ya same mu.

"To wanda ya cuce ku shina can shina cin nama, ku kuna nan kuna azumin da ba a sa ku ba. Ku tashi ku wanke hannu."

Ta ba mu zaurenta. Akwai rediyo a zauren, da yamma mazan unguwa kan taru su kamo gidan rediyon ƙasarmu su yi ta gardamar jam'iyyu har a kusa dambe. Ni labarin ruwa kawai nake jira. A Kwatano damina ta riga ta sauka, kuma duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san ruwa daga kudu yake hawa arewa. Duk sanda ya buga a kan kwanon zauren sai in ji kamar wani matafiyi ne ya wuce mu a hanya, zai riga mu isa gonar Inna. Kawu ya rantse ba zai aika gida da labarin ba. Kuɗin mota kuwa ba mu da shi.

Inna Tagobir na kai abinci wani gareji kusa da bakin teku. Ita ta roƙi mai garejin, Maigida Kojo, ya gwada Kawu. Kojo ya tayar da wani inji mai tari, Kawu ya saurara ya nuna inda ciwon yake, aka buɗe aka tarar haka ne. Ya ɗauke shi, ni kuma aka ɗauke ni a matsayin bakinsa. Abin da ake ba mu iyakarsa ciki.

A garejin na fara ganin jar motar. Ƙofa biyu gare ta, ta yi ƙasa-ƙasa kamar kyanwar da ta hango ɓera. Ta Madam Selestin ce, mai buron da ke fitar da motoci daga tashar ruwa yana tura su arewa da direbobi. Ranakun aiki da ita take zuwa buro, da ita take kai 'yarta lakol. Amma lokaci-lokaci, ranar Lahadi, ita da wasu masu irin motar sukan haɗu a wani tsohon filin jirgin sama bayan gari su yi gudu. Kafin kowace irin wannan Lahadi sai an kawo motar wajen Kojo an shirya ta.

Ranar da ta kawo ta, ta fito da baƙin tabarau da safar hannu, ƙamshinta ya kori warin baƙin mai. Ta wuce ta gabana ta ce, "Bonjur, Nijar." Da sunan ƙasarmu ta kira ni, iyakarta ke nan. Amma ni a ranar na gama tsara littafin gaba ɗaya a kaina, talaka baƙo da attajira mai mota, yadda za ta gane zuciyata duk da dauɗar rigata, yadda zan ƙi dukiyarta don kada a ce kwaɗayi ne. Na girme wa wannan tunani yanzu, amma ba na jin kunyarsa. Shi ya riƙe ni a kwanakin da ba abin da ke riƙe ni.

Shirin motar ya ɗaure wa Kawu kai. Kojo ya ce a cire kujerar baya. Aka cire. A cire shimfiɗar ƙasa, da tayar ajiya, da jak, da rediyo. Kawu na kwancewa yana gunaguni.

"Mu a Gazawa in an ce a shirya mota, ƙara mata ake. A ƙara ganyen sifirin, a ɗaga gindinta, a kafa ƙarfen kaya a rufi. Waɗannan tuɓe ta suke kamar za a yi mata wankan gawa. Tambaye shi mutum nawa take ɗauka."

"Ya ce ranar gudu mutum ɗaya."

"La'ilaha! Ni da injin ga sai in kai rabin Gangara Maradi da awakinsu."

Da aka zo kan taya, Kawu ya ce a rage iska don ta kama ƙasa, yadda muke yi in za a shiga yashi. Kojo ya yi dariya har da dafa bango, ya ɗauko ma'auni ya auna kowace taya da kansa. Aka juye man inji aka zuba sabo. Aka canza abin da ke matse faifan birki. Aka ɗaura bel mai kama kafaɗu biyu, aka kafa tulun kashe wuta kusa da kujera. Daga ƙarshe Kojo ya buɗe kabad ɗinsa ya fito da wani gwangwani da ba a fasa ba, ya riƙe shi da hannu biyu. Dariyar ta bar fuskarsa. Ya ce in fassara da kyau.

Ya ce wannan man birki ne, kuma shi ne ran matar nan. A filin can tana sakin mota iyakar gudunta, sai ta taka birki da ƙarfi a kwana, ta sake, ta kuma takawa, har faifan ya ɗauki zafi kamar ƙarfen maƙera. In da ruwa cikin man, ko kaɗan ne, zai tafasa. Ƙafa ta nutse har ƙasa, mota ba ta tsaya ba. Shi ya sa kafin ranar gudu ake zubar da tsohon man gaba ɗaya a sa sabo. Na fassara duka, ban rage komai ba.

"Birki tukunyar shayi ce da za ta tafasa?" in ji Kawu. "Ce masa na ji."

Da Madam ta zo duba aiki, ta ji mu 'yan Maradi ne, ta ce tana da mota da za a kai Damagaram, tana neman direban da ya san hanya. In an gama Lahadi lafiya, Kojo ya tsaya wa Kawu, to tasa ce. Hanyar Damagaram ta tsakiyar Gazawa ta bi. Na fassara wa Kawu. A wannan makon rediyo ya ce an fara ganin hadari a Gaya, ƙarshen kudancin ƙasarmu.

Ranar Asabar aka yi wa Kojo rasuwa a ƙauyensu. Ya bar wa Kawu gwangwanin da wani ɗan koyo, ni kuma aka tura ni da motar gareji ɗauko tayoyin gudu a wani gefen gari. Da na dawo an gama. Lahadi da sassafe Kojo ya iso, ya shiga motar ya taka birki, ya ji shi tauri kamar dutse. Ya fito ya bubbuga kafaɗar Kawu. Madam ta zo ta ja motarta, mu muka hau bayan motar gareji da kayan aiki muka bi ta.

Muna kan hanya, teku na hannun hagu, Kawu ya matso yana murmushi.

"Ka ga yadda ya yaba? Bai san man nan nasa bai isa ba."

"Ƙaƙa bai isa ba, Kawu?"

"Ɗan koyon ya yi tuntuɓe da gwangwanin, rabi ya sha ƙasa. Kantuna a rufe. Yaro na kuka wai za a kore shi. Sai na cika da namu."

Na san abin da yake nufi da namu, don na sha kaɗa masa shi a kwano. A tashar Gazawa in man birki ya ƙare, ruwan sabulu ake damawa a zuba. Yana da santsi, birki na kamawa, mota ta yi wata da watanni a haka. Ba wanda ya taɓa mutuwa don shi, saboda a hanyoyinmu ba mai taka birki. Ka ɗaga ƙafa daga totur, yashi ya tsayar maka da mota.

Na ce, "Kawu, ka manta abin da ya ce? Ruwa tafasa yake."

"Tun ba a haife ka ba nake zuba shi. Ka taɓa ganin tururi na fita daga ƙafar direba?"

"Nan ba gida ba ne."

"Mota dai mota ce. Kai ka san littafi, ni na san ƙarfe. Kama bakinka."

Filin doguwar kwalta ce miƙaƙƙiya, an jera tsofaffin tayoyi an fitar da wuraren shan kwana. A ƙarshen miƙaƙƙen wurin akwai kwana mai kaifi, bayanta rami, bayan ramin itatuwan kwakwa. Tunda na ga itatuwan nan ban ƙara ganin komai ba. Mutane sun kafa laimomi, ana shan lemo ana dariya. Madam ta zo da 'yarta, yarinya ƙarama mai kitso da jan ƙyalle, ta zaunar da ita a inuwa. Aka ce motoci rukuni-rukuni za su shiga, tata tana rukuni na biyu. Muka canza tayoyi.

Rukunin farko suka tashi. Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba, har cikin haƙora. Suna isa kwanar sai ka ga jajayen fitilun baya sun kama, hancin mota ya duƙa, taya na kuka. Su zagayo su sake. Su kuma zagayowa.

Na ja Kawu gefe. "Don Allah, don Annabi, ka faɗa masa. Ka ce mantuwa ce."

"In ce na zuba sabulu a motar da ta fi garinmu tsada? A bainar jama'a?"

"To ni zan faɗa."

A wajenmu ɗa ba ya kwance wa kawunsa zani a gaban baƙi, ko da kawun ya yi kuskure. Na san haka sarai. Duk da haka na juya wajen Kojo. Kawu ya cafke wuyan hannuna, riƙon makanike, har na ji ƙashi.

"In ka buɗe baki, da ƙafa za ka je Gangara. Uwarka ta ci mi bana? Ka yi tunani."

Na yi tunanin. Na ga Inna tsaye bakin gona da ƙwaryar iri, maƙwabta sun gama shuka, tana kallon hanya. Na ga jar mota ta wuce kwana ba ta duƙa ba. A littattafaina saurayi tsalle yake ya tsaya gaban mota ya buɗe hannuwa, kuma marubuci bai taɓa sa uwarsa cikin lissafin ba. Na tsaya, hannuna cikin nasa, hawaye na zubo mini, ban je gaba ba, ban koma baya ba. Madam ta sumbaci 'yarta a goshi, ta sa hular kwano, ta shiga mota. Kojo ya ɗaure mata bel.

Sai wata baƙar mota daga rukunin farko ta fito ta tsaya dab da mu. Hayaƙi na tashi daga ƙafafunta, wari kamar an ƙona gashi. Makanike ba ya iya ganin hayaƙi ya ƙyale. Kawu ya sake ni, ya tsuguna, ya kai tafin hannu kusa da faifan, ya janye da sauri. Sai ya tofa yawu a kai. Yawun ya yi tsuwwa, ya yi tsalle, ya ɓace kafin ya sauka.

Ya daɗe a tsugune yana kallon wurin. Ana ta kiran rukuni na biyu, jar motar ta tashi tana gurnani. Kawu ya miƙe, ya gyara hularsa, ya taka ba gudu ba har wajen tagar, ya zura hannu ta gaban Madam ya murɗe makulli. Inji ya mutu.

"Rabe, zo ka yi aikinka. Faɗa musu duka. Kada ka gyara mini magana, kuma kada ka sa yaron can ciki."

Na faɗa. Kalmar sabulu da Faransanci ƙarama ce, amma da ta fita bakina sai da mutanen laimomin kusa suka juyo. Kojo ya kama kansa da hannu biyu, ya shiga zagi da yarensu, da Faransanci, da 'yar Hausar da ya iya. Wasu suka fashe da dariya, wani ya ce a kira 'yan sanda. Madam ta cire hular a hankali, ta cire tabarau. Ranar na fara ganin idanunta. Ba irin na bangon littafi ba ne, idanun uwa ne da ta gaji, kuma ba mu suke kallo ba, inuwar da yarinyar take suke kallo.

Ta ce, "Tambaye shi, me ya sa sai yanzu?"

Kawu ya ce, "Ce mata a garinmu yashi ke tsayar da mota. Ban taɓa ganin birki ya yi wuta ba sai yau. An faɗa mini, ban yarda ba."

Wani tsoho mai farin gashi daga cikin masu gudun ya kawo gwangwanayen man birkinsa na ajiya ya dire a gabanmu. Kojo ya ce wanda ya zuba shi zai fitar, a nan, a gaban kowa. Aikin na mutum biyu ne, ɗaya a ƙarƙashi yana buɗe bakin tiyo, ɗaya a kujera yana taka birki. Haka na shiga jar motar da na yi makonni ina mafarki. Kujerar da ɗumin jikinta, ƙamshinta ko'ina, ni kuwa kaina a sunkuye, jama'a sun kewaye mu, muryar Kawu na fitowa daga ƙasa.

"Taka! Riƙe! Saki!"

Ruwan ya fito da kumfa-kumfa cikin kwalba, mutane na miƙa wa juna suna kallo. Muka bi ƙafa huɗun, Kojo ya ce a sake. Muka sake. Cinyata ta mutu, ban daina ba. Madam na tsaye a kanmu har abin da ke fita ya zama garau kamar man gyaɗa sabon matsa.

Rukunin ƙarshe kawai ta samu. Duk sanda ta doshi kwanar nan ba na ɗauke ido sai na ga jajayen fitilu sun kama, hancin motar ya duƙa, ta juya. Kawu bai kalla ba. Ya juya baya yana goge sifana ɗaya da ta riga ta yi tsabta.

Kojo ya ce kada ya ƙara ganin ƙafarmu a garejinsa, kuma motarsa ba ta da wurinmu. Da ƙafa muka koma ta bakin teku, ruwan sama ya same mu a hanya. Mun yi nisa sai Kawu ya dubi wuyan hannuna.

"Hannun naka, ya yi ciwo?"

"A'a, Kawu."

"Ƙarya kake. Nuna mini."

Muka koma zauren Inna Tagobir. Kawu ya shiga dako a kasuwa, ni ina wanke mata tukwane. Rediyo ya ce an yi ruwa a Gaya, ya ce an yi a Doso. Na daina zama wajen rediyon. Littattafan ma na daina buɗewa, don duk shafin da na buɗe sai in ga kowa ya isa inda za shi.

Wata ranar da hantsi yara suka shigo da ihu wai wata jar mota ta maƙale a lungunmu. Na fita da kumfa a hannu. An mayar mata da kujerar baya, yarinyar na zaune a kai da jakar lakol. Madam ba ta fito ba, gilashi ta sauke. Aka kira Kawu.

Ta ce Kojo ya ƙi tsaya masa, kuma yana da gaskiya. Ta ce amma direbobinta in sun yi ɓarna, daga bakin wani take ji, bayan mota ta riga ta kife, shi kuwa da bakinsa ya faɗa tun da wuri. Ta miƙo makulli da takardu, ta faɗi inda motar take. Sannan ta miƙo wani gwangwani da ba a fasa ba.

"Nijar, ce masa sabulu na wanka ne."

Na fassara. Inna Tagobir ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ina da jawabi a bakina wanda na daɗe ina gogewa, mai farawa da sunana. Kafin in buɗe baki ta ɗaga gilashi, ta ja da baya cikin kwata da kaji, ta tafi. Har yau ba ta san sunana Rabe ba.

Motar da aka ba mu farar fijo ce, kamar wadda aka cuce mu a kanta. Kawu ya zagaya ta, ya buɗe tulun birki ya sansana. Muka hau arewa. A gadar Malanbil ban damu da wanda ya zazzage jakata ba. Daga Doso ƙasa a jiƙe take, gero ya fara tsiro a wasu gonaki, ina ta cewa Kawu ya ƙara wuta, yana cewa motar mutane ce. Bayan Konni ƙasa ta bushe, na ji sanyi a raina. A Gidan Rumji muka ajiye turmin zanen da Inna Tagobir ta aiko wa ƙanwarta, muka sha fura a tsaye, don gabas ta yi baƙi ƙirin. Ruwan ya tare mu bayan Maradi, ya raka mu har Agye.

Ranar kasuwa muka shiga Gazawa. Wani ya hango Kawu a sitiyarin farar fijo ya kwarma ihu. Kafin mu tsaya 'yan tasha sun kewaye mu, danginmu na Gangara da suka zo cin kasuwa suna gudu cikin taɓo, mata na guɗa, wani ya riga ya ɗaura ƙyallen jam'iyyarsa a madubi. Ba su ji daga gare mu ba tun tafiyarmu. Na dubi Kawu. Da ya so, da ya ce zai je gwada ta Damagaram, ya sayi kwana biyu.

Ya kashe inji, ya fito, ya kwance ƙyallen ya miƙa wa mai shi.

"Ku bar guɗa. Ba tamu ba ce, aike ce. Kuɗinku an cuce ni su a Kwatano, ni na kwance rawanin da hannuna. In na kai ta na dawo, ku tara dangi, ina zuwa."

Bai jira amsa ba, ya juyo gare ni. "Kai kuma mi kake jira? Ƙasa na shan iska."

Amalanken jaki na samu zuwa Gangara. Inna na ƙofar gida, ta riga ta ji labari, don labari ya fi jaki sauri. Ba ta tambaye ni mota ba. Ta kama fuskata ta duba, ta duba hannuwana, ta ce na rame. Sannan ta ɗauki ƙwaryar iri da ke ajiye a bakin ƙofa.

"Sungumin ubanka na bayan rumbu."

Na ajiye jakar littattafan a zaure ban kwance ta ba. Muka fita gona tun ƙasa na da sanyi, ina gaba ina sara, tana bayana tana zuba iri tana rufewa da ƙafa.